Masallacin Zazzau Yana Jos, Awonsa Yana Landan

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufto a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Allah ya jiƙan su da rahama. Mu da ke Makarfi da Hunkuyi da Ikara ba mu jira labaran rediyo ba, domin kafin a kira Magariba hotunan ƙura da ɓaraguzai sun shiga wayar kowa. Da aka gama jaje da ta'aziyya, sai wata tambaya ta zauna mana a rai, musamman mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, da aka horar da mu a kan tsoron duk abin da ba shi da kwafi: in da ginin nan duka ya kwanta, me ya rage a duniya da magini zai duba ya san yadda yake a tsaye?

Akwai abin da ya rage, sai dai ba a Zazzau yake ba. Kwafin masallacin, na ƙasa da azara, yana Jos. Awonsa kuma, tsawo da faɗi da kaurin kowane ginshiƙi, yana cikin wani littafi da aka buga a Landan. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da muke son bi, saboda yanzu an shiga sabon yayin kwafar kayan tarihi da kyamara da na'urar leza, kuma gidauniyoyi suna ba da tallafin kuɗi a kai, har da wani kaso da suke cewa na kai wa jama'a ne.

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Magininsa shi ne wanda ƙasar Hausa ta sani da Babban Gwani. Wasu littattafai suna kiran sa Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu, kuma har yau akwai unguwa mai sunan sarautarsa a cikin birni. Kafin mutum ya gane girman abin da ya yi, sai ya san iyakar azara. Azara giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cin ta, amma in tazarar da aka shimfiɗa ta a kai ta wuce kamar mita biyu, nauyin rufin ƙasa yana lanƙwasa ta. Shi ya sa soron talaka yake ƙarami. Maginan Hausa sun tsallake wannan iyaka ta hanyar jera azara hawa-hawa, kowace tana zarce wadda ke ƙarƙashinta kaɗan, a ɗaure su, a lulluɓe da ƙasa, har na dama da na hagu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In aka gicciya bakan gizo da wani, sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Wannan dabara ce Babban Gwani ya miƙar har ta rufe zauren sallar gari guda, ya kuma ƙawata ginshiƙai da bakunan da zane mai tudu da kwari.

Maginan wancan zamani ba sa zana gini a takarda. A ƙasa ake shata shi, sauran lissafin yana cikin kai da hannu. To ina kwafin masallacin yake a lokacin? Yana jikin mutane. Yana wurin 'ya'ya da almajiran da suka miƙa tubali suna yara, suka koyi yaɓe suna samari, suka ɗaura azara da suka manyanta. Duk bayan damina ana hawa rufin a duba tsaga, a gyara indararo, a sake shafe, kuma kowane gyara darasi ne. Fada ce take biya, jama'a suna kawo ƙarfi. Akwai labarin baka da ake bayarwa cewa bayan Babban Gwani ya gina wa wani sarki masallaci a wani gari, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wanda ya fi shi a wani wuri. Ko labarin gaskiya ne ko ƙirƙira, waɗanda suka riƙe shi sun san inda ginin yake zaune.

Turawa sun ci Zariya a 1902. Abin da ya biyo baya a harkar gini kowa ya sani: kwano da siminti da bulo, da kuma sabon ganin cewa ginin ƙasa alamar talauci ce. A cikin wannan hali gwamnatin mulkin mallaka ta fara tunanin adana abin da zamaninta yake rusawa. An naɗa Kenneth Murray jami'in kayan tarihi a 1943, Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953, aka kuma fara jerin wuraren da gwamnati ta ɗauki alhakin karewa. A 1958 wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya zo Najeriya ya kama aikin auna gine-ginen gargajiya. Ba na'ura a hannunsa sai tef da fensir da kyamara, da kuma matasan Najeriya da ya koya wa aikin. Sun auna fadoji da masallatai da zauruka da gidajen talakawa daga Arewa har bakin teku, ciki har da masallacin Zariya tun yana tare da kotunsa da zaurukansa na shiga.

Bai kamata a raina wannan aiki ba. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, an rushe sassan waje na masallacin aka gina sabon masallaci na kankare, aka bar tsohon zauren salla a cikinsa kamar ƙwai a cikin kwano. Abin da aka rasa a lokacin, a zanen Dmochowski za ka gan shi da awonsa. A cikin waɗannan shekarun ne kuma ya dawo Najeriya ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, fili ne a sarari inda aka sake gina masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano da na fadar Katsina, da ƙasa, da hannun magina na gaske. Wannan shi ne kwafi mai jiki na farko da aka yi wa masallacin, wanda mutum zai shiga ciki ya ɗaga kai. Dmochowski ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990.

Amma a duba inda kowane abu ya sauka. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne, ta hannun sashen kayan tarihi, sashen kuma yana da gida a Jos, saboda haka Jos aka kai kwafin. Littafin da Turanci yake, a Landan aka buga shi, kuma magini a Hunkuyi ko Paki zai iya tsufa ya mutu bai taɓa jin sunansa ba. Ba mugunta aka yi ba. Kowa ya ajiye kaya a inda yake da ɗaki. Sai dai ginin ƙasa a Jos, inda ruwan sama ya fi na Zariya, ba shi da masallatan da za su ga tsaga su yi magana, ba shi da unguwar da za ta fito gayya. Yana jiran kasafin kuɗi ne. Yaro daga Ikara da yake son ganin abin da kakanninsa suka iya, sai ya bi ta Pambeguwa da Saminaka, tafiyar yini, in ya sami mai kai shi.

Wannan jerin wuraren da aka fara a zamanin Turawa, wanda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta gada bayan kafa ta a 1979, shi ne ya shata iyakar abin da ake gani. In ka duba Jihar Kaduna a ciki za ka ga ganuwar Zariya, da duwatsun Kufena, da tsohon masallacin Maigana, da gadar Lugga da ke Kaduna. In ka haura Kano za ka ga tsohon masallacin Bebeji. Ƙasarmu ta faɗa tsakanin Maigana da Bebeji, ba ruwan kowa da ita. A idon mai jeri, Makarfi kasuwar rake ce, Ikara tumatir, Kudan kuma hanyar wucewa.

Hanyar wucewa ce kuwa, amma ba ƙaramar hanya ba. Nan ne tsakanin Zazzau da Kano, inda ayarin fatake suke bi, inda Hugh Clapperton ya ratsa a 1826 yana neman Kano, inda layin dogo ya bi ya isa Kano a 1911 ya bar mana tashoshin Likoro da Gimi. Masana tarihin tattalin arziki irin su Philip Shea da Paul Lovejoy sun nuna cewa a ƙarni na 19 kudancin Kano da arewacin Zazzau yanki guda ne na auduga da baba da saƙa da rini. Lokacin da Heinrich Barth ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga can sun kai aƙalla kuɗin wuri miliyan 300 a shekara. Birni ne ya ɗauki sunan, amma zaren da shunin daga garuruwa da ƙauyuka suke fitowa, irin namu. Alamar wannan arziki ba fada ba ce ko hasumiya. Ramuka ne. Karofi ne, jerin rijiyoyin rini da aka haƙa aka dalaye cikinsu, waɗanda a yau inda ba a cike su an yi gini a kai ba, sun zama juji.

A nan ne labarin rini da labarin masallaci suke haɗuwa, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mana a rai. In an gama amfani da ruwan baba, akwai laka da take kwanciya a gindin rijiya, ita ce katsi. Ana kwashe ta, a shanya, a ƙona, a daka. In aka haɗa ta da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai danƙo, sai a sami laso, wato simintin Hausawa. Da laso ake dalaye rijiyar rinin kanta don kada ta tsotse ruwa, da shi kuma ake shafe rufin soro da kan katanga da zanko don kada damina ta ci su. Ma'ana, rufin Babban Gwani yana dogara da marini, marini yana dogara da manomin baba da masaƙi, magini yana jiran majemi. Da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, yadin Turai kuma ya biyo jirgin ƙasa, marina ta soma mutuwa a hankali. Da ta mutu katsi ya yi wuya, da katsi ya yi wuya aka koma shafa siminti a kan ginin ƙasa, siminti kuwa yana tsagewa ya shigar da ruwa ya hana shi fita. Babu tef ɗin awo da zai nuna wannan sarƙa, kuma babu na'urar leza da za ta nuna ta.

Mu zo ga na'urar. Abin da ake kira 3D, mu kira shi hoto mai jiki, hoto ne da za ka juya da yatsa a fuskar waya, ka leƙa bayansa, ka auna kaurinsa. Hanya biyu ake bi a same shi. Ko dai a kafa na'urar da take harba hasken leza tana auna nisan duk inda ya taɓa, har a tara miliyoyin ɗigo da suke fitar da siffar wurin, ko kuma a ɗauki ɗaruruwan hotuna daga kowace kusurwa, manhaja ta nemo wuraren da suka yi daidai a tsakanin hotunan ta lissafa zurfi. Hanya ta biyu ko wayar hannu mai kyau tana iya yi. Amfanin abin ba wasa ba ne. Lokacin da gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame na Faris a Afrilun 2019, awon leza da Andrew Tallon ya yi wa ginin shekaru kafin nan, mai ɗigo kusan biliyan guda, yana cikin abin da masu gyara suka duba, aka kuma sake buɗe cocin a Disambar 2024.

Wa ke biya a Afirka? Aikin Zamani na Jami'ar Kef Tawun, wanda ya ɗauki masallatan ƙasa na Jenne da Tambutu, ya tashi ne da kuɗin gidauniyar Mellon ta Amurka. A Najeriya, asusun jakadun Amurka na adana al'adu ya ba ƙungiyar CyArk dala 127,000 don ɗaukar wurin bautar Busanyin a kurmin Osun da ke Oshogbo, tare da horar da ma'aikatan gida. Asusun nan dai ya ware dala miliyan 1.5 don Sukur a Adamawa. Duka biyun ayyuka ne masu kyau. Amma a lura: Sukur ta shiga jerin UNESCO a 1999, kurmin Osun a 2005. Kuɗi yana bin jeri ne, kamar yadda ya bi shi a 1958. Wanda aka riga aka sani shi ake ƙara sani.

Turai ma da kanta ta ɗauki abin da zafi. A Nuwambar 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta shawarci ƙasashenta su ɗauki hoto mai jiki na duk wuraren tarihinsu da ke cikin haɗari kafin 2030, da rabin waɗanda aka fi ziyarta. In an tara irin wannan kaya, tambaya ta gaba a fili take: wa zai kalla? Daga nan ne tallafi ya rabu gida biyu, na ɗauka da na kai wa jama'a, wato kuɗin da ake bayarwa don a saka kayan a darasin makaranta, ko a wasan kwamfuta, ko a baje koli, ko a buga su da roba yara su taɓa. Wannan kaso na biyu shi ne sabon abu a tarihin da muke bi. Babu wanda ya ba Dmochowski sisin kwabo don ya mayar da littafinsa Hausa ko ya kai wa zuriyar Babban Gwani.

A matsayinmu na masu rubuta manhaja, akwai abin da muke jin nauyin faɗa wa mai karatu, domin mu ne muke yawan yi wa mutane alkawarin cewa abin da ya hau intanet ya tsira. Bai tsira ba. A 1986 BBC ta tattara hotuna da bayanan rayuwar Birtaniya a kan wani faifai na musamman, don cikar shekara 900 da rubuta wani kundin ƙidaya na 1086. Kafin a yi shekara ashirin na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, kundin fata kuwa yana nan ana karanta shi. Google ya rufe rumbunsa na hotuna masu jiki mai suna Poly a 2021. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda shirinsa na ceto takardu ya ɗauki hoton wasu takardun da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ya sha harin 'yan kutse a Oktobar 2023 wanda ya durƙusar da ayyukansa na intanet wata da watanni. Tallafi yakan zo na shekara ɗaya ko biyu, kuɗin hayar rumbun intanet kuwa duk shekara ne. Fayil ma yana son yaɓe bayan damina, in ba mai yi masa ba ya zube, kuma shi zubewarsa ba ta ƙura balle a ji.

Sai dai shirin nan na ceto takardu yana da wata ƙa'ida da ta cancanci a kwaikwaya: takardun asali ba sa barin ƙasarsu, kuma dole a bar kwafi a gida. Akwai kuma Digital Benin, da aka buɗe a Nuwambar 2022 da kuɗin gidauniyar Ernst von Siemens ta Jamus. Ya tattara bayanin kaya 5,246 na masarautar Bini da ke warwatse a cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, yawancinsu waɗanda aka kwashe a 1897. Abin da ya burge mu a ciki ba yawan ba ne. An jera kayan da sunayensu na yaren Edo, an kuma naɗi muryoyin dattawa da maƙera suna bayanin amfaninsu. Mutumin Bini zai shiga ya tarar da abin da sunan da kakarsa take kiran sa.

Mun taɓa gwada namu, a ƙaramin mataki. Da wani rani, mu huɗu muka je wani tsohon karofi a wani gari a ƙasar Kudan, muka share bakin rijiya ɗaya da ba ta cika ba, muka ɗauke ta hoto sama da ɗari uku da waya. Kwamfuta ta kwana tana lissafi. Da safe bakin rijiyar ya fito tsaf, har da sawun yatsun wanda ya dalaye ta, amma cikinta ya zama baƙin rami maras gindi, domin manhaja ba ta iya kama wuri mai duhu da santsi. Muka kai wa wani dattijo da ya yi rini a wurin yana saurayi. Ya karɓi wayar, ya juya hoton da yatsa sau biyu, ya ce, “Samari, wannan ai rami ne. Ina muciyar? Wa ya gaya muku kwana nawa baba yake yi kafin ya nuna?” Muka ce, “Baba, shi muka zo ji.” Ya yi kusan awa biyu yana magana: yadda ake gane ruwan ya nuna da wari da launin kumfa, wace toka ce ba a so, rijiyar wane gida ce wannan da waccan, inda mabuga suke zama, da wanda yake sayen katsi. Rabin abin da muka rubuta a sama game da laso a bakinsa muka fara ji, daga baya muka tarar da shi a littafi.

Da wannan muka nemi tallafi daga wata gidauniya ta waje, a ƙarƙashin kason kai wa jama'a. Fom ɗin ya nemi ƙungiya mai rajista, da rahoton mai binciken kuɗi na shekarun baya, da asusun kuɗin waje, da wasiƙar wata cibiya da take mallakar kayan tarihin. A nan muka tsaya cak. Karofin ba na cibiya ba ne, na gidaje ne da suka gada. Ya kuma nemi mu nuna cewa wurin yana da muhimmanci da aka amince da shi, wato jerin nan dai. A ɓangaren jama'a kuma, ma'aunin nasara shi ne yawan masu shiga shafin intanet da masu sa gilashin kallo a baje koli. Ba mu samu ba, kuma ba ma jin an zalunce mu. An ɗinka rigar ne ba da awonmu ba. Amma abin ya nuna mana cewa ko kason da aka ware don jama'a yana ɗauka cewa akwai gidan tarihi a tsakiya, jama'a kuma baƙi ne masu zuwa kallo.

A wurinmu lissafin a juye yake. Jama'a su ne masu kayan, su ne kuma masu bayanin. Abin da ya fi tsada ba ɗaukar hoton ba ne, domin ɗalibin sakandare a Makarfi zai koya cikin mako guda. Mai tsadar shi ne lokacin dattijo, da mai naɗar murya, da mai rubutawa da Hausa, da wanda zai rage nauyin fayil daga abin da yake cika kwamfuta zuwa abin da zai wuce ta WhatsApp ba tare da ya cinye datar mutum ba, ko a tura shi waya zuwa waya a kasuwa ba intanet. Sai kuma a bar kwafi a fadar hakimi da makaranta da hannun gidan da ya gaji wurin, ba a rumbu ɗaya a ƙetare ba. Muna ganin duk tallafin da bai sa sunan magini ko marini a cikin waɗanda za a biya ba, kwafin Jos zai sake ginawa, sai dai wannan karon ko ƙofar shiga ba shi da ita.

Wani zai ce me ya sa sai kuɗin waje, alhali a Jenne har yanzu gari guda yake fitowa a rana ɗaya a yaɓe masallaci, ganuwoyinmu ma da gayya aka riƙa gyara su. Gaskiya ne, kuma mu ma abin yana damun mu. Kuɗin da ake kashewa a taron siyasa ɗaya a ƙaramar hukuma ya isa a naɗi muryar duk tsofaffin magina da marina na Ikara da Makarfi da Kudan. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan kusa da mu, da sashen nazarin gini da na binciken kayan tarihi. Amma gayya tana yiwuwa ne a kan abin da mutane suke ganin nasu ne mai daraja, kuma shekara ɗari ana nuna mana cewa abin daraja shi ne wanda Bature ya auna.

Mun koma garin bayan damina biyu. An cike rijiyoyi uku daga cikin jerin, an ɗora harsashin shago a kai. Tamu tana nan, amma ta koma juji. Dattijon ya daina fitowa, a zaure muka same shi. Muka kunna masa muryarsa, jikokinsa suka kewaye wayar suna dariyar jin kakansu yana faɗa da mu. Ɗaya daga cikinsu, yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta tambaya mece ce muciyar rini, ko irin ta tuwo ce. Ya aike ta cikin gida, bayan rumbu, ta jawo wani dogon itace da gara ta fara ci daga ƙasa. Ba mu ɗauke shi hoto a zuwan farko ba, domin ba mu san yana nan ba.